Mama Laraba da Sunan Istifanus

Shekara goma sha shida ina aikin tafinta a ƙasar Turawan nan. Na shiga asibitoci da kotuna da ofisoshin council, wato ƙaramar hukuma, ba adadi, yawancin mutanen ko fuskarsu ba na iya tunawa. Amma ranar da na zauna a gefen Mama Laraba ba ta taɓa fita daga raina ba, kuma ba na fatan ta fita. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kuna ta tambayata me ya sa ba na karɓar intabiyun masu neman mafaka, alhali in aka cire babbanmu Alhaji Nasiru ni na fi kowa daɗewa. To ba ƙi nake yi ba. Cire ni aka yi. Yau zan gaya muku dalili da bakina, don na gaji da jin ana gyara labarin a bayan idona.

Ga wanda bai san aikin ba, kamfani ne ke riƙe da sunayenmu. In asibiti ko lauya ko wani ofishin gwamnati ya samu Bahaushen da ba ya jin Turanci, sai a nemi kamfanin, shi kuma ya turo maka saƙo a waya, wuri kaza, ƙarfe kaza. Akwai dokoki uku da ake karanta wa kowa ranar farko. Ta ɗaya, abin da aka faɗa shi za ka faɗa, ba ragi ba ƙari. Ta biyu, ba a fassara suna. Musa Musa ne, sai dai ka faɗi haruffansa a rubuta. Ta uku, in aka shiga fannin da ba ka sani ba, ka ɗaga hannu ka ce ba ka sani ba. Wannan ta ukun ban taɓa ganin Bahaushen da ya yi aiki da ita ba, har da ni. Wa zai buɗe baki a gaban Bature ya ce bai san Hausa ba? Balle ni, haifaffen cikin birnin Kano, wanda ke yi wa Sakkwatawa da Zazzagawa dariya in suna magana.

Wata Talata ce cikin tsananin sanyi. Lokacin ina zaune a wani flat a unguwar Hulme, nan Manchester, na hau bas na tafi ofishin da ake yi wa masu neman mafaka tambayoyi. Ɗaki ne ɗan ƙarami, tebur ɗaya, kujeru uku, da na'urar ɗaukar magana a tsakiya. Jami'ar Baturiya ce matashiya, mai fara'a, ba zan yi mata ƙarya ba. Sai aka shigo da Mama Laraba, dattijuwa mai kimanin shekara sittin, zane da ɗankwali, an ɗora mata wata ƙatuwar suwaita ta maza da wani ya ba ta. Ta dube ni ta ce, "Sannu ɗana, ina kwana? Mun gode Allah da aka samu mai jin maganarmu."

Na amsa gaisuwa, na leƙa takardar da ke gaban jami'a, na ga an rubuta addininta Kirista. Nan take na ce a raina, kai, wannan ai Gwaggo Hassana ce ta unguwarmu aka canza wa suna. Hausarta tsantsa, komai ta ce sai ta haɗa da "in Allah ya yarda". Ni kuwa da na tashi, abin da na sani shi ne Kirista ɗan kudu ne da ke Sabon Gari, ko kuma mutumin Jos. Sai zuciyata ta raya mini cewa wani ne ya kitsa wa tsohuwa wannan labari don ta samu takarda. Ban faɗa wa kowa ba, amma da wannan zargin na zauna a kujerar. Ku riƙe wannan, don daga nan ɓarnar ta fara.

Labarinta ba mai tsawo ba ne. Mijinta mai bishara ne a wani ƙauye can kudancin ƙasar Katsina, wato mai wa'azi a ƙaramin coci wanda bai kai fasto ba. Sunansa Istifanus. Wata safiya 'yan bindiga suka shiga ƙauyen, suka same shi a ƙofar coci suka kashe shi. Ita ta kwanta cikin gonar dawa har rana ta yi tsaka. Bayan haka aka yi ta aiko mata da saƙon cewa ba a gama da gidan ba. Ƙanin mijin ne ya yi ta faɗi-tashi har ya samo mata bizar ziyara, da ta iso ta nemi mafaka, aka ba ta ɗaki a wani gida a unguwar Gorton. Abin da take roƙo ɗaya ne, kada a mayar da ita.

Mun yi wajen awa biyu a kan wannan, na fassara komai daidai. Sai jami'a ta ce yanzu za ta yi 'yan tambayoyi kan addini, don a tabbatar matar Kirista ce kamar yadda ta faɗa. Ta jawo wata takarda da aka buga tambayoyi da amsoshinsu.

Tun tambayar farko ya kamata in ɗaga hannu. Na ce mata ana tambayarta game da Annabi Isa, sai ta gyara mini a hankali ta ce, "Yesu Almasihu." Na ji wani iri, na wuce. Aka tambaye ta mene ne Pentecost. Ni ban san shi ba, sai na maimaita mata kalmar yadda Baturiya ta faɗa. Fuskarta ta washe. Ta ce, "Fentikos! Ranar da Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa almajirai ke nan, suka yi ta magana, kowane baƙo yana jin su da harshen garinsu." Na lallaɓa na haɗa wani Turanci na miƙa, aka rubuta. Na ji daɗi na tsallake.

Daga nan aka ce ta ambaci biyar daga cikin almajiran Yesu goma sha biyu. Ba ta ko yi tunani ba, tana lanƙwasa yatsu tana faɗi: Bitrus, Andarawus, Yakubu, Yohanna, Bartalamawus. Na tuna dokar suna, na shiga faɗin haruffa ɗaya bayan ɗaya, jami'a tana bugawa tana duban takardarta tana ɗan ɓata fuska. Da na zo kan Yakubu kuwa sai na ga dama ta samu ta nuna ilimi, na ce Jacob. Ai mun san Annabi Yakubu. Aka tambaye ta wa ya yi musun sanin Yesu sau uku, ta ce Bitrus. Wa ya rubuta wasiƙu zuwa ga ikkilisiyoyi, ta ce Bulus. Na sake faɗin haruffa. Ban san mece ce ikkilisiya ba sai daga baya aka gaya mini jama'ar masu bi ce, amma ko a jikina.

Sai tambayar da ta kashe mu. Jami'a ta ce, wane ne aka fara kashewa saboda bangaskiyarsa a cikin Kiristocin farko?

Mama Laraba ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Istifanus." Sai hawaye. Ta ja bakin ɗankwali ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, tana ci gaba da wata magana ƙasa-ƙasa. Ban saurara ba. Na riga na ga sunan nan a fayil, na riga na yanke hukunci tun da safe. Na juya wajen jami'a na ce mata da Turanci, sunan mijinta take faɗa, ina jin ta rikice ne. Ba wanda ya tambaye ni. Ba a biya ni don in ji ko kada in ji ba. Jami'a ta gyaɗa kai cike da tausayi, ta miƙa mata tishu, ta buga abin da na ce.

Da aka tashi Mama Laraba ta riƙe hannuna da hannu biyu ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana, ka fitar da ni kunya." Na ce amin. Na hau bas na koma gida na ci abinci na yi barci lafiya lau.

Bayan shekara guda da 'yan watanni saƙo ya shigo wayata, ana nemana a ofishin wata lauya a Handsworth, can Birmingham. Na yi mamaki, don akwai tafintoci a can, me za a yi da mutumin Manchester? Na hau jirgin ƙasa da safe, na kama bas, na sami ofishin a saman wani shagon atamfa. Ina shiga na ga Mama Laraba a kujera. Ta rame har sai da na sake dubawa, suwaitar nan dai ita ce a jikinta. Ta gaishe ni, amma ba ta ce ɗana ba.

Lauyar sunanta Rifkatu. A Birmingham aka haife ta, iyayenta mutanen ƙasar Zazzau ne, Hausarta da karin Turawan garin a ciki, amma tana ji sarai. Ko ruwa ba ta ce in sha ba.

"Malam Auwalu, ni na ce a turo kai. Lambarka ce a kan record ɗin nan. Zauna."

Ta ba ni takardar da aka ƙi ba Mama mafaka da ita, ta sa yatsa a wani sakin layi. An rubuta cewa matar ta kasa ambaton ko ɗaya daga cikin almajirai, sai dai Jacob, wanda shi kuma ba almajiri ba ne, tun zamanin da can ya wuce. Ba ta san wanda ya yi musun sanin Yesu ba, ba ta san mai wasiƙu ba. Da aka tambaye ta shahidin farko kuwa, sunan mijinta ta faɗa, tafinta ma ya tabbatar ta rikice. Saboda haka ba a yarda ita Kirista ba ce, balle matar mai bishara, kuma tunda ta yi ƙarya a nan, sauran labarin ma ba abin yarda ba ne.

Rifkatu ta ɗauko littafinsu mai tsarki guda biyu, na Turanci da na Hausa, ta buɗe su wuri ɗaya ta ajiye a gabana. Ta sa yatsa ɗaya nan, ɗaya can.

"Peter, Bitrus. Andrew, Andarawus. James, Yakubu. Ba Jacob ba, Malam, James. John, Yohanna. Paul, Bulus. Sunan ubana Bitrus. Yana nan da ransa, minti goma daga nan, in kana so in kira shi ya gaya maka ko shi ma ya rikice ne. She got every single one right, ko ɗaya ba ta kuskure ba. Ba ta iya karatu ba, a waƙa ta haddace su tun tana yarinya."

Na fara cewa ai doka ce ba a fassara suna. Ta katse ni.

"To wa ya ce ka fassara Yakubu? Kuma wace doka ce ta ce ka yi wa officer tafsirin kukanta?"

Ta danna kwamfuta. Muryar jami'a ta fito, sai muryar Mama tana cewa Istifanus, sai tawa, a natse, irin ta wanda ya san abin da yake yi. Rifkatu ta mayar baya ta ƙara sauti ta ce in bar sauraron kaina in saurari ta ƙasa. A ƙarƙashin Turancina ga muryar tsohuwa cikin kuka tana cewa, "Wanda aka jejjefe da duwatsu. Shi ne na fari." Ta ba da amsa cikakkiya. Ni na hau kanta da surutuna na binne ta.

Ashe Stephen ɗin da ke takardar jami'a shi ne Istifanus. Ashe al'adarsu ce su sa wa 'ya'yansu sunayen mutanen farko na addinin, kamar yadda muke sa Abubakar da Umaru da Usmanu. Uban mijinta ya sa masa sunan wanda aka fara kashewa, shi ma ya zo aka kashe shi a ƙofar coci. An yi wa mace tambayar da amsarta sunan mijinta ne, dole ta yi kuka. Ni da na yi shekara shida aji ɗaya da wani Bitrus a firamare, muna raba gyaɗa, ban taɓa tambayarsa daga ina sunansa ya fito ba. Akwai Bulus mai faci a bakin titinmu, ya yi ta gyara mini keke har na girma. Mun zauna da mutane, mun ci da su, mun yi ciniki da su, amma ba mu san komai a kansu ba, kuma ba mu ga hakan a matsayin jahilci ba. Wannan ne ke ƙona mini rai har gobe.

Sannan aka gaya mini abin da ya biyo baya. Takardar ƙin ta je mata da Turanci. Ta ajiye ta ƙarƙashin matashi tana jiran wanda zai karanta mata, har wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce. Aka fitar da ita daga ɗakin Gorton. Wata huɗu tana kwana a kan kwali a ɗakin ajiyar kujeru na wani coci, kafin matan zumunta na wani cocin a Handsworth su ji labari su ɗauko ta. Su suka kai ta wajen Rifkatu. Yanzu an samu kotu ta yarda za ta saurari ƙarar duk da an makara, amma an riga an aiko wa Mama takardar cewa ta fara shirin barin ƙasa.

Rifkatu ta ce, "Zan iya yi ba tare da kai ba. Zan sa wani ya fassara recording ɗin, su kuma su kawo nasu, a yi ta ja har wata da watanni. Ba ta da wannan lokacin. Ina so ka rubuta statement ka ce ba ka san fannin ba, kuma kai ka ƙara maganar rikicewa. Ka zo kotu ka faɗa da bakinka."

Na ce zan yi tunani. Ku ji fa, zan yi tunani. Tsohuwa na zaune tana kallona.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na tare Alhaji Nasiru. Shi ne babbanmu, shi kamfani ke tuntuɓa kan duk abin da ya shafi tafintocin Hausa, shi ya kawo ni aikin ma. Muka shiga motarsa saboda ruwan sama, na zayyana masa komai. Ya saurara yana jan carbi. Da na gama ya ce, "Auwalu, kada ka kuskura. Ka sa hannu a takardar nan, sun cire ka daga list, that's it. Kuma ba kai kaɗai ba, duk interview ɗin da Bahaushe ya yi sai an tono shi. Ka bi doka, suna ba a fassara shi. Ka tsaya a nan. A rufa wa juna asiri."

Na ce, "Ranka ya daɗe, maganar rikicewa fa? Wannan ba doka ba ce, ni na ƙara."

Ya ce, "Kuskure ne, kowa na yi. Kuma tsohuwar nan ai ba tamu ba ce. Cocinsu na da lauyoyi, za su san yadda za su yi da ita."

Wallahi da ya tsaya a kan maganar aiki, da wataƙila na bi shawararsa, don tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba. Amma ba tamu ba ce? Matar da Hausarta ta fi tawa da tasa, wadda ba ta da wani harshe a duniya sai wannan da muke ci da shi? In ba tamu ba ce, ta wa ce? Da muka karɓi aikin fassara mata ba mu ce ba tamu ba ce. Abin da ya faɗa a fili shi ne abin da na shiga ɗakin nan da shi a ɓoye, shi ya sa ya yi mini zafi haka. Na ce, "Alhaji, yanzu fa muka fito daga salla." Ya ce kada in yi masa wa'azi. Na buɗe mota na fita cikin ruwan. Har yau in mun haɗu iyakarmu sallama.

Washegari na rubuta takardar, shafi biyu, na aika wa Rifkatu, na aika wa kamfani kwafi. Kafin mako ya zagayo suka turo mini saƙo mai ladabi cewa an dakatar da ni daga duk aikin da ya shafi mafaka da kotu. Ba su taɓa mayar da ni ba. Abin da ya ba ni haushi da su ba cirewar ba ce, na cancanta. Ko mutum ɗaya a cikinsu bai tambayi tafintoci nawa ke da irin jahilcina ba. Sun cire ni, sun wanke hannu, gobe su tura wani ɗan Kano ya zauna a gefen wata Laraba.

A Birmingham aka yi zaman. A irin wannan kotu alƙali ɗaya ne, sai lauyan mai ƙara, sai wakilin gwamnati. Tafintar ranar wata mata ce 'yar Jos, Rifkatu ta dage sai an kawo wanda ya san Hausar coci. Aka kira ni na yi rantsuwa. Wakilin gwamnati ya yi mini wankin babban bargo. Shekara nawa kana aikin? Ka san doka ta uku? Me ya hana ka ɗaga hannu? Na ce girman kai. Ya ce to in ka yi kuskure a wancan lokacin, ta yaya za a yarda ba yanzu kake kuskuren ba? Na ce a kunna faifan, muryata ce, ba ta canza ba. Aka kunna. Na tsaya a gaban mutane ina jin kaina ina cewa tsohuwa ta rikice, kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ina nan tsaye kuma wani haushin ya taso mini, na takardar tambayoyin kanta. Wa ya ce da jarrabawa ake auna imanin mutum? Da ni aka zaunar aka ce in lissafo sahabbai, sannan wanda bai taɓa jin sunansu ba ya rubuta, wani kuma ya duba takarda ya ce na faɗi, ashe sai a ce ni ba Musulmi ba ne? Amma ba wannan aka kira ni in faɗa ba, na haɗiye.

Alƙalin, wani dattijo mai tabarau, ya ajiye biro ya ce a tambayi Mama ko za ta gaya masa wane ne Istifanus. Ta gyara ɗankwali ta fara, 'yar Jos na bin ta a hankali. Ta ce a farkon ikkilisiya an yi gunaguni cewa ana manta wasu gwauraye, matan da mazansu suka mutu, wajen rabon abinci, sai aka zaɓi mutum bakwai su kula da rabon, shi yana cikinsu. Ta ce mutum ne mai magana ba tsoro, aka kai shi gaban majalisa, aka fitar da shi bayan gari aka jejjefe shi, yana mutuwa yana roƙa wa masu jifansa gafara. Ta ce akwai wani saurayi Shawulu da ya tsaya yana gadin rigunan masu jifan, shi ne daga baya ya tuba ya zama Bulus mai wasiƙu. Sai ta ce, "Maigidana ma shi ke raba wa gwauraye hatsi in an yi girbi. Yana cewa aikin mai sunansa ne." Wannan karon ba ta yi kuka ba. Wakilin gwamnati ya ce ba shi da tambaya.

Bayan mako uku hukunci ya fito, an ba ta izinin zama. Rifkatu ta turo mini saƙo layi ɗaya, ba godiya a ciki, kuma ban ga laifinta ba.

Na sake hawa jirgi na je Handsworth neman gafara. Na same ta a kicin na gidan da aka sauke ta, tana tuƙa tuwon semo. Na durƙusa a bakin ƙofa na ce, "Mama, na cuce ki. Ban san sunayen ba. Ki yafe mini."

Ba ta daina tuƙi ba. Ta ce, "Tashi, Malam, ƙasan da sanyi. Rashin sanin suna ba laifi ba ne, ni ma ban san naku duka ba. Da ka tambaye ni da na gaya maka, ai ina kusa da kai." Ta rufe tukunya ta juyo ta dube ni. "Na yafe, an umarce mu mu yafe. Amma ka san abin da ka yi? An yi mini tambaya, na ba da amsa daidai. Kukan kuma nawa ne, ni da mijina. Kai sai ka ɗauki kukan ka kai wa Baturiya, ka bar amsar a ƙasa."

Ta zuba mini tuwo. Na ci, don ba a ƙin abincin wanda ya yafe maka.

Yanzu aikina wajen GP, wato likitan unguwa, da council da makarantun yara. Akwai littafinsu na Hausa a jakata, na sa Rifkatu ta samo mini, na haddace sunayen nan sha biyu da wasu da dama, ko da yake ba za a sake kirana inda za su yi amfani ba. Ba ina ce muku ku zama fastoci ba. Ina ce muku Hausa ta fi gidan ubanku faɗi, akwai masu yin addu'a da ita da kalmomin da ba ku taɓa ji ba, kuma su ma nata ne. Duk ranar da kuka ji kalma ta wuce ku ba ku gane ba, ku ɗaga hannu, ku ji kunyar minti ɗaya. Ni na ƙi jin ta, wata tsohuwa ta yi wata huɗu tana kwana a kan kwali.